Yadda za ka kalli tsofaffin fina-finan Brazil na fari da yunwa

Jama'ar Marwa da Garwa masu tambayar ta ina za a fara, ku fara da Vidas Secas na Nelson Pereira dos Santos, na 1963, daga littafin Graciliano Ramos na 1938 aka ɗauko shi. Yaren Fotugal suke yi, to ka nemo mai rubutun Faransanci a ƙasa, ka sauke shi cikin dare lokacin da netwok ya ɗan saki, maganar ma ba ta da yawa.

Kar ka taɓa hasken talabijin dan Allah. Za ka ga sama ta yi fari fat kamar hoton ya ƙone, ba lalacewa ba ce, da gangan suka ɗauka haka don ranar Sertão, can arewa maso gabashin Brazil, ta dake ka a ido. Ƙarar nan mai cika kunne a farko kuma kukan ƙafar amalanken shanu ne, sifikarka lafiya lau take.

Sannan ka cire rai da rawa da waƙa irin na Indiya. Fabiano makiyayin haya ne, ga matarsa ga yara biyu ga karyarsu Baleia suna ta tafiya a ƙasa, tun a farko yunwa ta sa matar ta kashe tsuntsunsu aku suka gasa. Inda za ka nutsu shi ne wajen lissafi da mai shanun, yadda kuɗin ruwa ke cinye rabonsa yana tsaye ba bakin musu, wlh a gani na wannan ya fi shi kansa farin ciwo. Ita kuwa matar duk burinta a duniya gadon kwana da aka yi da fata.

In da hali ka kalla da dattijon da ya ga farin 1973 ko na 1984, kana tsayarwa kana cewa Baba ga abin da ya faɗa, sai ka yi shiru ka bar masa sharhin, ya fi ka gane abin da ke allon.

Bayan shi sai Os Fuzis na Ruy Guerra, 1964, sojoji na gadin sito cike da abinci a Bahia mutane na mutuwa da yunwa a ƙofa. Deus e o Diabo na Terra do Sol na Glauber Rocha, shi ma 1964, ka ajiye shi ƙarshe, wajen awa biyu ne ga nauyi, ka cika batir tun da rana kar wuta ta ɗauke maka a tsakiya.