Yadda za ka gane ko batir ne ko altaneta kafin ka kashe kuɗi a tsohuwar mota

Duk ranar da mota ta ƙi tashi da safe, maganar farko da za ka ji daga bakin wanda ya leƙo ita ce, "Ai batir ne, Alhaji, sai dai a sa sabo." Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mutum ya ciro kuɗi masu ciwo ya sayi sabon batir, ya yi mako biyu hankalinsa kwance, ran nan kuma ya murɗa makulli a bakin Tashar Dukku ya ji ƙas-ƙas-ƙas. Sabon ma ya kwanta, domin abin da ya kashe tsohon yana nan daram.

Batir kamar randa yake, altaneta kuwa, wato na'urar da ke yi masa caji in inji na aiki, shi ne ɗan garuwa. In ka tarar da randa wayam, ko dai ta tsage, ko ɗan garuwa bai zo ba, ko wani yana ɗiba cikin dare. A mota akwai abu na huɗu, wato wayoyi da kawunan batir, hanyar da wutar take bi. Shi ya fi saura arahar gyara, kuma a tsofaffin Golf da Sharon da Carina da Fijo 406 da ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi, sau da yawa shi ne mai laifin.

Abin da za ka tanada bai taka kara ya karya ba: ƙaramar mita mai nuna lamba irin ta masu gyaran rediyo, sifana lamba 10 da 13, ɗan samfefa, ruwan zafi da kanwa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu a bonet. Kada kowa ya kunna sigari ko ashana a wurin, saboda batir yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Da farko ka saurari motar

Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu, kai kuma ka murɗa makulli. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri-sauri, fitilun kuma suka dusashe kamar za su mutu, wuta ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya saki. Idan ƙas ɗaya tak ka ji, fitilun kuma suna nan tar ba su girgiza ba, batir ba shi da laifi, ka nemi kik, wato abin da ke fara juya inji in an murɗa makulli, da wayar da ke zuwa masa. Kik ɗin da sai an ɗan ƙwanƙwasa shi da sifana yake juyawa, yawanci burushinsa ne ya cinye. Idan kuma inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, wannan wata magana ce daban, ta mai ko ta fulogi.

Sannan ka dubi dashbod. Da ka murɗa makulli kafin ka tayar da inji, dole jar fitilar nan mai hoton batir ta kama, in inji ya tashi ta mutu. Mutane sun san tsoron fitilar in ta ƙi mutuwa, amma kaɗan ne suka san cewa ƙin kamawarta ma matsala ce. A yawancin tsofaffin motoci, ta cikin wannan ɗan ƙwan ne 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi. Ƙwan ya ƙone, altaneta ba zai fara caji ba sai an taka totur sosai, wani ma ba zai fara ba sam. Ana iya sauke altaneta lafiyayye a jefar saboda ƙwan da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Kawunan batir

Kama kowane kai da hannu ka gwada juya shi. In ya motsa, ka samu ɓarawo ɗaya. Za ka ga wasu an cusa musu ƙusa ko guntun gwangwani a gefe don su kama, ga farin gari ko kore-kore ya taru a kai kamar an barbaɗa gishiri. Wannan garin yana tare wuta shiga da fita: altaneta na turowa, batir ba ya karɓa yadda ya kamata.

Kashe mota, ka fara kwance kan da ke da alamar −, sannan mai alamar +. Wajen mayarwa mai + ne farko, mai − a ƙarshe. Dalili shi ne duk jikin mota a haɗe yake da ɓangaren −; in ka fara da + sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona maka hannu. Jiƙa kanwa a ruwan zafi ka zuba a kan garin, za ka ga yana kumfa yana narkewa, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Ka dai kula kada ruwan ya shiga ramukan batir. Goge da samfefa har dalmar ta yi haske, ciki da waje, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris ko basilin a sama. Kan da ya buɗe ya gaji, a canza shi, ƙusa ba gyara ba ce.

Kada ka tsaya nan. Bi baƙar wayar nan mai kauri har inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta tafi jikin inji. Nan tsatsa take ɓuya, musamman a motar da aka taɓa sauke injinta aka mayar da gaggawa. Gwajinta mai sauƙi ne: ɗauki wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a kan − na batir, ɗayan a wani ƙarfe mai tsabta a jikin inji. In motar da ke nishi ta tashi fes, waccan wayar ce ta mutu.

Yanzu a auna batir

Juya mita zuwa 20 a ɓangaren wutar batir, inda aka rubuta DC. Jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. An fi samun gaskiya in motar ta kwana ba a tayar ba. In yanzu ka kashe ta, kunna fitilun gaba na minti ɗaya ko biyu, ka kashe, ka ɗan jira.

Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ka ga 12.4, saura kamar kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 zuwa ƙasa kuwa ya kusa ƙarewa. Ratar tana da ƙanƙanta a ido, shi ya sa wani zai ga 12.1 ya ce ai sha biyu ta cika, lafiya lau. Ba lafiya ba. A cikin batir akwai ɗakuna shida, kowanne yana ba da kusan 2.1. Saboda haka batir ɗin da aka yi wa caji ya dawo yana nuna 10.5 ko kusa da haka, ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu cajin da zai tashe shi.

Amma lambar da batir ya nuna yana hutawa ba ta isa shaida ba. Bar mitar a jone, wani ya murɗa makulli, kai ka zuba wa lambar ido. Za ta faɗi, wannan daidai ne, amma kada ta sauka ƙasa da 9.6. Batir ɗin da aka cika shi da caji ya nuna 12.6, da aka murɗa makulli ya zube zuwa 7 ko 6, ya gama aiki.

In mai murafu ne, buɗe ka leƙa. Ruwan ya rufe farantan da ke ciki. In ya ja baya, tataccen ruwan nan da ake kira distilled ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na burtsatse ba. Ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ƙara masa wani asid cin farantai kawai yake yi. Zafin Maris da Afrilu a Gombe, lokacin da rana ke kai maki 40, shi ke ƙafar da ruwan yana cin batir a hankali. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu tona asiri kawai yake yi, shi ya sa ake ɗora masa laifi. A irin zafinmu, batir ya yi shekara biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari.

Altaneta

Kafin mita, fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta. Inji a kashe, danna tsakiyarsa da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya. Duba ko ya tsattsage ko cikinsa ya yi sheƙi. Kukan nan mai tsini da mota ke yi da safe, ko in an kunna fitilu da na'urar sanyi, ko in an ratsa ruwa da damina, fambel ne ke zamewa a kan fuli.

Tayar da inji ka auna a kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sai ka ɗora masa kaya: fitilun gaba, fanka, waifa, rediyo, ka ɗan taka totur. In ya tsaya sama da 13.5, altaneta na aikinsa. In lambar tana wasa a 12 da 'yan kai tana sauka, ba ya caji, motar da batir kaɗai take tafiya. In kuma ta haura 15, ragileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar altaneta, ya lalace yana dafa batir: za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batir ya kumbura, ƙwayaye suna yawan ƙonewa. Wannan ya fi rashin caji haɗari.

Akwai gwajin da ya zama ruwan dare a garejinmu, wanda ni ba na yarda a yi a gabana: a zare kan batir inji na aiki, wai in mota ba ta mutu ba altaneta na da kyau. A zamanin Fijo 504 mai kafireto an sha yi an wanye lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwar lantarki kuwa, batir ne ke shanye tashin wutar altaneta. Ka zare shi, wutar na iya yin tsalle ta ƙona dayod ɗin cikin altaneta, mai hana wuta komawa baya, ko ƙwaƙwalwar kanta. Kuma gwajin bai ma faɗi gaskiya ba, don altaneta mai rauni yana iya riƙe inji a silo amma ya kasa cika batir. In ka ga yaron gareji ya nufi kan batir da sifana inji na kaɗawa, ka ce masa, "Dakata, ƙanena, kira mini ogan naka ya zo da mita." Mai wayarin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Altaneta ya daina caji ba yana nufin a sayi wani ba. Sau da yawa burushi ne ya cinye, ko ragileta, ko boris in yana gurnani, kuma duk ana canza su. A irin na Golf da 'yan uwansa, ragileta da burushi a haɗe suke, noti biyu ne ke riƙe da su a baya. Na fi son a gyara na asalin motar da a ɗauko na Beljiyam da ba a san tarihinsa ba. In dole sai an saya, a auna shi a kan motarka kafin ka biya.

In jar fitilar ta kama kana tsakiyar hanya, a ce tsakanin Alkaleri da Gombe, tsaya ka buɗe bonet. Fambel ya tsinke, kuma shi ne ke juya famfon ruwa a motarka, to kada ka ƙara ko taku ɗaya, inji zai yi zafi. In yana nan lafiya, kashe na'urar sanyi da rediyo da duk abin da ba dole ba, ka nufi gari mafi kusa ba tare da kashe inji ba. Da rana za ka ɗan yi nisa. Da dare fitilun gaba biyu kaɗai suna shan kusan amfiya 9, ba za ka je ko'ina ba.

Mai ɗiba cikin dare

Batir lafiya, caji lafiya, amma mota ta kwana biyu a ajiye sai ta ƙi tashi. Kashe komai, zare makulli, rufe ƙofofi. Mayar da jan tsinken mita ramin da aka rubuta 10A, ka juya ta can. Cire kan −, ka sa tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ka cire. Kada a murɗa makulli a wannan hali, mitar za ta ƙone. Jira 'yan mintuna. Abin da bai wuce 0.05 ba daidai ne, na agogo da rediyo ne. In ka ga 0.3 ko 0.5, sai ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Layin da ta faɗi a kansa, can ɓarawon yake. Yawanci ƙwan cikin but ne da ba ya mutuwa, ko rediyo da amfilifaya da aka jona kai tsaye, ko na'urar bin sawun mota, ko cajar waya da aka bari a soke. In ka zare fis duka ba ta faɗi ba, cire wayar bayan altaneta, dayod ɗin da ya lalace yana barin wuta ta koma ta cikinsa.

Jona batir da turi

Jar waya a + na mataccen, ɗaya bakin a + na mai rai. Baƙa a − na mai rai, bakinta na ƙarshe a ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Wajen cirewa a bi ta baya. Kifa batir a kan batir, ko haɗa su da sifana biyu kamar yadda ake yi a tasha, wasa da ido ne. Mota mai giyar hannu ana iya tura ta a giya ta biyu. Mai canza giya da kanta kuwa turi ba ya tayar da ita.

Batir ɗin da ya mutu murus, zagayen cikin gari daga Pantami zuwa Tumfure ba zai cika shi ba. Kai shi wurin mai caji, ka ce a sa masa a hankali ya kwana: kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato amfiya 6 ga mai lamba 60. Cajin gaggawa na awa ɗaya zafi kawai yake sa shi.

Sai bayan duk wannan, in batir ne ya faɗi gwaji, za ka shiga kasuwa. Sayi daidai ƙarfin da motar ke ɗauka, 62 ko 75 ko abin da ke kanta tun asali, ka duba + da − suna gefen da wayoyinka za su kai. Nemi kwanan watan da aka buga a jikinsa, a auna shi a gabanka, ka karɓi rasit mai garanti. A ɗaure shi da ƙarfensa, domin girgizar hanya tana zubar da farantai. Tsohon kuma ka bar wa mai shagon ya rage maka kuɗi, kada ka kai shi gida inda yara ke wasa, dalma da asid ne a ciki.