Yadda Ake Raɗa Wa Ƙwarin Fatsa Masu Laushin Gashi Suna, Da Yadda Ake Rarraba Su

A kogunan Wharfe da Ure da ke yankin Yorkshire, can arewacin Ingila, akwai masu fatsa da ba ruwansu da tana. Zaren siliki suke naɗa wa ƙugiya, su kewaye wuyanta da ɗan gashin tsuntsu mai laushi, sai ta koma kamar ƙwaron da ruwa ya ci. Da ta nutse sai gashin ya riƙa buɗewa yana rufewa, kifin turawut ya ɗauka abu ne mai rai ya kai cafka. Ɗaurin kansa ba wuya, minti biyar ya isa. Inda ake kwana shi ne wajen suna, domin ƙwaro guda na iya amsa sunaye uku, suna guda kuma ya hau kan ƙwari uku. Ga hanyar da nake bi in warware su.

Mataki na farko: tabbatar ɗan gidan ne

Ɗaga ƙugiyar ka duba ta a haske. Ba fiffike a bayanta, yawanci ba wutsiya, jikin galibi siriri ne kuma gajere, ya tsaya daidai saitin tsinin ƙugiya. Gashin wuyan na tsuntsun daji ne ko na kaza, galibi zagaye ɗaya ko biyu kawai. In na zakara ne, mai tsauri, to ka fita daga wannan gida, don shi aikinsa ya tsayar da ƙwaro a saman ruwa. Mutanen Yorkshire da Sukotland suna kiran irin waɗannan gizo-gizo, ko da yake ba gizo-gizo suke kwaikwayo ba. Laƙabin "mai laushin gashi" kuwa a Amurka ya yi kaka-gida, bayan littafin da Sylvester Nemes ya fitar a 1975.

Mataki na biyu: tsuntsu tukuna, sannan zare

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani, don sunan shi ne kayan haɗin. Partridge and Orange: gashin makwarwar Turai da zare ruwan goro. Snipe and Purple: gashin wani tsuntsun fadama mai dogon baki da zare shunayya. Wanda ya ji sunan zai iya zama ya ɗaura ba tare da ya taɓa ganin ƙwaron ba.

Amma faɗin sunan tsuntsu kaɗai bai wadatar ba, sai ka san daga ina aka tsigo gashin. A jikin makwarwa guda akwai gashin baya mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, shi ke tafiya da zare ruwan goro. Akwai kuma na wuya da ƙirji mai ruwan toka, wanda aka fi haɗawa da rawaya. Haka tsuntsun fadaman nan: gashin saman fiffikensa mai duhu shi ne na Snipe and Purple, na ƙarƙashin fiffiken mai haske kuma shi ne na Snipe Bloa. Tsuntsu ɗaya, ƙwaro biyu, kowanne da ranarsa.

Zaren ma haka. Tsofaffin masu ɗauri sun dogara da silikin kamfanin Pearsall's, wanda kowane launi ke da lambarsa: shunayya lamba 8, ruwan goron da ake haɗawa da gashin makwarwa kuma galibi 6A. Dalilin wannan tsantseni shi ne siliki yana sauya launi idan ya jiƙe, ruwan goro ya yi duhu ya koma kamar jar ƙasa. Launin da kifi ke gani ke nan, ba wanda kake gani a kan tebur ba. Saboda haka jiƙa zaren da ɗan ruwa a yatsa kafin ka yanke hukunci a kan launinsa.

Kada tsofaffin littattafai su ruɗe ka idan sun juya jerin. T. E. Pritt, wanda ya wallafa littafi mai ƙwari 62 a 1885 ya kuma sake fitar da littafin da sabon suna a 1886, Orange Partridge ya rubuta. Duk kanwar ja ce. Zaɓi jeri ɗaya ka tsaya a kansa. Ni tsuntsu nake sawa a gaba.

Mataki na uku: koyi kalmomin tsofaffi

Kalmomi huɗu za su buɗe maka rabin sunayen. "Bloa" launi ne, ruwan tokar nan mai sirkin shuɗi irin na hadari idan ya haɗo. Waterhen Bloa ke nan: gashin cikin fiffiken kazar ruwa, zare rawaya da aka goga wa kakin zuma, sannan a yayyafa masa gashin wata 'yar dabba mai tona rami, kaɗan ainun, yadda rawayar za ta riƙa leƙowa ta ƙasa. "Watchet" shuɗi ne mai haske. "Poult" ɗan tsakon tsuntsun daji ne, "lug" kuma kunne, wato gashin kunnen zomo.

Mataki na huɗu: ware sunayen da ba sa faɗin kayan haɗi

Wasu sunan ƙwaron gaske suka ɗauka, kamar March Brown da Iron Blue Dun. Wasu lokacin shekara, kamar Winter Brown. Wasu kuma sunan mutum: Greenwell's Glory na wani limamin coci ne na Durham, William Greenwell, wanda James Wright ya ɗaura masa shi a bakin kogin Tweed a 1854. Na asalin yana da fiffike, daga baya aka samu marar fiffike da ya shigo wannan gida. Irin waɗannan sunaye ba a taɓa su, gado ne. Abin da za ka yi kawai ka rubuta kayan haɗin a ƙarƙashinsu.

Mataki na biyar: rarraba da ƙira, ba da suna ba

Nan ne akwatinka zai samu tsari. Gida uku nake yi.

Na farko 'yan Yorkshire: jiki siriri, siliki tsura ko mai ɗan yayyafin gashi, gashin tsuntsu a wuya kawai.

Na biyu 'yan Stewart. W. C. Stewart, mutumin Sukotland, ya bayyana nasa uku a 1857: baƙi, ja, da ruwan toka. Shi murɗe gashin yake yi tare da zaren, ya naɗa daga kai zuwa wajen rabin jiki, sai ƙwaron ya fito buzu-buzu kamar bai gama shiri ba. Baƙin, mai zare ruwan ƙasa, a wurin James Baillie ya koya, ya kuma faɗi haka da kansa.

Na uku 'yan Amurka, tsarin James Leisenring na 1941, wanda abokinsa Vernon Hidy ya laƙaba wa suna "flymph": jiki mai kauri da gashin dabba da aka murɗe cikin siliki, sau da yawa har da wutsiya.

Masu ɗan dutsen ƙarfe a ka, na zamani, suna kama kifi, ban musa ba. Amma nauyin ya sauya musu tafiya a cikin ruwa, don haka layi daban nake ba su a ƙarshen akwati.

Mataki na shida: in ka musanya, ka faɗa

Wasu kayan asalin sun fi ƙarfin mai ɗauri a yau. Tsuntsun da ake kira dotterel doka ta kare shi a Birtaniya, haka ma ɓeran ruwan da Pritt ya yi amfani da gashinsa. Musanya dole ce, amma ɓoye ta laifi ne. Na taɓa ɗaura dozin guda da gashin kaza da aka rina ruwan toka, na rubuta Waterhen Bloa a murfi. Wani dattijo a wurin taron masu ɗauri ya ɗauki ɗaya, ya hura mata iska, ya dubi yadda gashin ya ƙi kwanciya, ya ce, "Wannan kazar ba ta taɓa shiga ruwa ba." Tun ranar nake ƙara "madadin: kaza rinanniya" a gefen sunan.

In kuwa ka sauya tsuntsun gaba ɗaya, sabon ƙwaro ne, koma ƙa'idar mataki na biyu. Ƙananan gashin zabo masu ɗigo, alal misali, masu ɗauri a Turai ma suna aiki da su, ko da yake sun fi na makwarwa tsauri. Ka ɗaura da shi, sunansa Zabo da Ruwan Goro, ba Partridge and Orange ba.

Daga nan sai ɗan kati ga kowane layi a akwati: suna, gida, tsuntsu da inda aka tsigo gashin, launin zare da lambarsa, girman ƙugiya, yawanci lamba 14 ko 16. Yi rubutun da fensir, don biro yana zuba idan akwati ya jiƙe.