Yadda ake riƙe mai taɓin hankali a gida bayan an sallamo shi

Kwanciyar asibiti 'yan makonni ce, ainihin jinyar a gida ake yin ta, wata da watanni, wani ma shekaru. Wanda aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali na Katsina, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano, yakan dawo da ledar magani da katin ranar komawa. Babu abin da ke dawo da ciwon kamar yanke maganin nan.

Tun kafin a baro asibiti, a fitar da mutum ɗaya mai riƙe magani, babba wanda majinyacin ke jin maganarsa. In aka bar wa kowa, uwa za ta zaci matar ta ba shi, matar ta zaci ya sha a ɗakin uwa. A sayi ɗan littafin makaranta, ma'aikacin jinya ya rubuta sunan kowane magani yadda yake a kwali, da ƙarfinsa, da lokacin sha. Ga mai jin muryoyi ko mai zargin ana farautarsa, an fi ba da haloperidol, chlorpromazine, risperidone ko olanzapine. “Ƙaramar farar ƙwaya” ba suna ba ne, don haloperidol kaɗai akwai mai miligiram 1.5, akwai mai 5. A kulle maganin, a riƙa fito da na lokaci ɗaya, a ɗaura shi da salla don kada a manta: bayan Asuba, bayan Isha'i. Wasu kan maƙale ƙwayar a kumatu su tofar daga baya. Ba sai an ce babban mutum ya buɗe baki ba. A miƙa masa kofin ruwa, a ja shi da hira minti biyu ko uku.

Barci da natsuwa kan zo a kwanakin farko, muryoyi da zargi kuwa sai mako biyu zuwa shida suke lafawa, don haka kada a ce magani bai karɓe shi ba a makon farko. In ya warware, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba aƙalla wata 12 bayan alamu sun ɓace, wanda ciwon ya taɓa dawo masa kuma ya fi haka. Likita ne ke ragewa, a hankali. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wanda ya daina sha ba washegari yake rikicewa ba. Sai bayan makonni ko watanni, lokacin an manta da zancen magani, sai a ce iskar ce ta dawo.

Mutum ba ya ƙin magani haka kawai, yawanci akwai abin da yake yi masa. Saurayin da ya fara haloperidol, cikin kwanakin farko wuyansa na iya murɗewa, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Nan take sai a ce aljanu sun tashi. Tsoka ce ta ɗaure saboda maganin, kuma a asibiti ana kwance ta ba da jimawa ba. Rawar hannu, sandarewar jiki da dalalar miyau, likita kan rage magani ko ya haɗa da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane. Kada a saye shi a kemis da ka, kuma a ɓoye shi sosai, don samari na shan sa don maye. Akwai kuma wanda zai kasa zama wuri ɗaya, yana ta kai da komo; masu jinya su ɗauka ciwo ne ya ƙaru su ninka ƙwaya, alhali ƙarin ne ke tsananta abin. Chlorpromazine na sa jiri in an miƙe da sauri, don haka ya zauna a bakin gado tukuna, kuma a zafin bazara a raba shi da rana, a yawaita masa ruwa. Olanzapine na buɗe ciki, a riƙa auna nauyi da gwajin suga. Namiji na iya samun rauni wajen iyali, mace al'adarta ta ɗauke ko nono ya kawo ruwa; kunya ke hana faɗa, sai a daina sha a ɓoye. A gaya wa likita, akwai sauyi. Macen da aka ɗora kan valproate, maganin daidaita yanayin zuciya da farfaɗiya, ta sanar da likita kafin ta ɗauki ciki, yana lahanta ɗan tayi.

Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa: a tsayar da maganin, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

In ƙwaya ta zama rigimar kullum, a tambayi likita allura mai daɗewa a jiki, irin fluphenazine, da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu bayan an fara gwada kaɗan. A tambaya ko za a iya yin ta a asibitin da ke kusa, mutumin Daura ko Mai'aduwa ya huta da kuɗin mota. A koma saura mako guda magani ya ƙare. In kuɗi ne matsalar, 'yan'uwa su yi karo-karo, ko a nemi likita ya sauya mai sauƙin kuɗi. Raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata asarar kuɗin ce da maganin. Kafin azumi ma a je a ji ko za a mayar da sha sahur da buɗa-baki. Mai shan lithium, wani maganin daidaita yanayin zuciya, ƙishirwa na iya mayar masa da maganin guba, kuma mara lafiya yana da rangwame a shari'a.

Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da magani, matuƙar ba a ce a ajiye shi ba, kuma babu duka ko turara hayaƙi. Mari da turu kuwa ba jinya ba ne. A Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane daga gidajen mari a Daura da Katsina, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin mai wannan ciwo a kula da shi cikin mutunci.

A ba shi aikin da zai iya, ban ruwan dabbobi ko zaman shago na awa biyu, a ci abinci da shi, a raba shi da wiwi da tramadol. A sa ido kan barci: in ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ya bar wanka, yana magana shi kaɗai ko ya ƙi abincin wani a gidan, a kai shi, kada a jira ranar kati. In ya harzuƙa, a kori 'yan kallo, a kawar da wuƙa, igiya da fiya-fiya, mutum ɗaya ya yi magana da murya ƙasa, a bar masa hanyar fita. Musu ba ya cire zargi. “Yaya, ni ban ji muryar ba, amma na ga ta hana ka sakewa, mu je likita ya duba” ya fi “ƙarya ne, babu kowa”. Wanda ya ambaci mutuwa a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa shi aikatawa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai har a isa asibiti. Haka mai jego da ta rikice a makonni biyun farko: a kai ta a ranar, wata babbar mace ta riƙe jaririn.