Yadda Ake Tabbatar da Cewa Shirin Prolog Mai Korewa Zai Tsaya

Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta a Makka da Jidda sukan gwada shirin da suka rubuta da Prolog, wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, sau uku, su ga ya ba da amsa, su ce ai yana tsayawa. Gwaji ba hujja ba ne. Hujja ita ce ka nuna akwai wata lamba da take raguwa a duk kira, kuma ba ta sauka ƙasa da sifili.

Fara da nau'i. Rubuta abin da kowane gurbi, wato wurin da ake zuba bayani a cikin kira, zai karɓa: jeri ne, lamba ce, ko sunan wuri. Idan ka ce jeri, to jeri mai rufaffen ƙarshe. [a,X] tsawonsa 2 ne ko me aka zuba a X, amma [a|T] ba shi da tsawo tabbatacce, kuma a nan append, wadda take haɗa jeri biyu, take tafiya ba dawowa. Ka kuma faɗi irin tambayar da za a yi wa shirin, domin hujjar ta tambayar ce da shirin tare.

Sai ma'auni. Ɗauki wannan wasa:

nasara(X) :- motsi(X,Y), \+ nasara(Y).

da motsi(a,b) da motsi(b,c). Alamar \+ ita ce korewa: ƙa'idar tana cewa ana nasara a X idan akwai motsi daga X zuwa Y kuma ba a nasara a Y. Ba kowane wuri tsawon hanya mafi nisa daga gare shi: c sifili, b 1, a 2. Nauyin nasara shi ne wannan lamba a ƙara 1, nauyin motsi kuwa sifili.

Yanzu wurin da ake faɗuwa. Da yawa suna ɗauka \+ katanga ce, abin da ke bayanta bai shafe su ba. Ina! Prolog sai ya binciki nasara(Y) har ƙarshe kafin ya ce ta gaza, don haka dole nauyinta ya yi ƙasa da na kan ƙa'idar, daidai da kiran da ba a kore ba. To me ya sa nauyin Y ya yi ƙasa da na X? Don motsi(X,Y) da ke hagunta ta riga ta tabbata. Wannan ce hanyar da Apt da Pedreschi suka shimfiɗa a 1993: ana karantawa daga hagu zuwa dama, ana jingina da samfuri, wato lissafin abubuwan da suke gaskiya a shirin. Idan da korewa, samfurin sai ya dace da cikon Clark na 1978 ga duk abin da ke ƙarƙashin \+, wato abu ya zama gaskiya idan akwai ƙa'idar da ta ba shi, ƙarya idan babu. A misalinmu nasara(b) gaskiya ce, nasara(a) da nasara(c) ƙarya. Rubuta su da biro a takarda, kada ka ƙiyasta da ka.

Ƙara motsi(c,a) ka gani. Hanya ta zama zobe, babu lambar da za ta ragu, SWI-Prolog, wata manhajar gudanar da Prolog, zai yi ta kira har ma'ajiya ta cika. Wasu sukan gudu zuwa tabling (adana kira da amsoshinsu don kada a maimaita) da tnot (korewar da ke aiki da shi) don a huta. Yana da amfaninsa, amma ya sauya yadda ake bincike, bai tabbatar da shirinka na asali ba.

Kada ka taɓa sa \+ kafin kiran da zai cika gurabenta. Idan Y tana fanko lokacin da aka kore ta, shirin na iya tsayawa ya ba ka amsar da ba daidai ba. A ƙarshe bi ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, ka duba raguwar, sannan ka nuna nauyin tambayar yana da iyaka: a nan bai wuce 3 ba.