Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tura wa Ɗalibai Saƙon Motsa Jiki ta Waya

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma lamarin ya fi ƙamari a wajen 'yan mata, inda adadin ya kai kashi 85. Ganin yadda waya ba ta barin hannun matasa, malamai da jami'an lafiya sukan tura musu saƙonnin zaburarwa. Dabarar tana da arha, sai dai akan lalata ta tun wajen rubuta saƙon.

Babban kuskure shi ne a mayar da saƙon wa'azi. Ɗalibin da aka rubuta wa cewa motsa jiki yana ƙara lafiya bai ƙaru da komai ba, domin ya daɗe da sanin haka. Abin da ya rasa shi ne me zai yi yau, da ƙarfe nawa, kuma na tsawon wane lokaci. Gyaran shi ne kowane saƙo ya ɗauki aiki guda wanda za a iya yi ba tare da kayan wasa ko kashe kuɗi ba, misali: "Idan an tashi daga darasin ƙarshe, ka yi tafiyar sauri ta minti 15." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 a rana ga masu shekara 5 zuwa 17, da minti 150 zuwa 300 a mako ga manya, wanda ya haɗa da yawancin ɗaliban jami'a. To amma wanda bai saba ba, idan aka fara masa da awa guda cur, karaya zai yi. Gara a sanar da shi cewa ana iya tara mintunan nan kaɗan-kaɗan, sannan a riƙa ƙara masa mako bayan mako.

Lokacin turawa ma yakan kashe saƙo mai kyau. Wanda ya shigo ana tsakiyar darasi ko da tsakar dare, kafin a samu sarari an manta da shi, don haka a duba jadawalin karatu a tura dab da lokacin hutu. Yawan saƙo kuwa yana sa ɗalibi ya daina buɗewa. Haka nan a taƙaita rubutu, domin saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ a ciki sai ya koma 70.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne kunyatarwa. Saƙon da ke ambaton ƙiba ko lalaci, ko jerin sunayen da ake sakawa a zauren WhatsApp daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, yana faranta ran waɗanda dama suna wasanni ne kawai, alhali wanda aka shirya abin dominsa sai ya ja jiki ya yi shiru. Ya fi dacewa a gwada ɗalibi da kansa, a nuna masa inda yake a makon jiya da inda ya kai yanzu, kuma a ba da zaɓi tsakanin abin da ake yi a fili da wanda ake yi a cikin ɗaki, saboda 'yan matan da ba su da wurin da za su sake.

Akwai kuma masu auna nasara da yawan saƙonnin da suka isa, alhali isar saƙo ba ta nuna cewa wani ya tashi daga kujera. A nemi gajeriyar amsa a ƙarshen mako, a gyara saƙonnin gaba bisa abin da aka ji. Kafin a karɓi lambar yaron da bai kai shekara 18 ba a nemi yardar iyayensa, a tambayi masu ciwon asma ko ciwon zuciya domin likita ya faɗi abin da ya dace da su, sannan a bar wa kowa hanya mai sauƙi ta dakatar da saƙon duk ranar da ya so.