Yadda Ake Saita Wayar Android Domin Mai Larurar Gani

Galibin wayoyin Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, suna zuwa da wata manhaja ta kamfanin Google mai suna TalkBack, wadda ke karanta abin da ke kan allo da murya, ta yadda mai larurar gani zai iya kiran waya da duba saƙo ba tare da ya jira yaron gida ya dawo daga makaranta ba.

Domin kunna ta, a shiga saitin waya, a nemi sashen Accessibility, sannan a zaɓi TalkBack. Yana da kyau a kunna gajeriyar hanyarta tun a nan, wato danne madannan ƙara murya da rage murya tare na daƙiƙa 3, domin a riƙa kunnawa da kashewa cikin sauƙi.

Daga nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin wayar ta sauya hali. Taɓawa sau ɗaya ba ta buɗe komai, sai dai ta faɗi sunan abin da yatsa ya taɓa. Idan an ji abin da ake so, sai a ƙwanƙwasa allon sau biyu da sauri, a kowane gefe, ya buɗe. Jan yatsa zuwa dama yana kai mutum ga abu na gaba, zuwa hagu kuma ya mayar da shi baya, yayin da gangarawa ƙasa ke buƙatar yatsu biyu. Sau da yawa ɗan'uwa mai gani kan karɓe wayar da zarar ta fara surutu, ya ce ta lalace, ya kashe manhajar. Wannan kuskure ne. A bar mai wayar ya laluba da hannunsa, a kuma rage saurin muryar a kwanakin farko har kunnensa ya saba.

A tanadi iyafis, musamman lokacin shiga manhajar banki, domin kada na kusa su ji lambar sirri.

Ga abin da ke wajen waya, kamar rubutun kwalbar magani, akwai manhajar Be My Eyes da aka fara a Denmark a 2015, wadda ke haɗa mutum da 'yan sa-kai ta kiran bidiyo su karanta masa. Masu iPhone kuwa, a madadin TalkBack, manhajar VoiceOver za su nema, a sashen Accessibility ɗin dai.