Yadda na daina ƙarasa zangon aiki a galabaice

A ƙungiyarmu ta masu rubuta manhajar kwamfuta tsarin Scrum muke bi, wato ana raba aiki zango-zango, kowane zango sati biyu. Kwana ukun ƙarshe ne ke wahalar da ni: in zauna gaban kwamfuta tun hantsi har bayan isha'i, shayi ya huce a gefe, wuya ya sage, ido na yaji. Kuma kurakuran da masu gwajin manhaja ke dawo min da su, kusan duk a kwanakin nan na rubuta su. Wannan ya dame ni ƙwarai.

A taron bitar ƙarshen zango na faɗi gaskiya: ina ɗaukar kayan da suka fi ƙarfina. Muka rage, muka daddatsa manyan ayyuka zuwa na yini guda.

Sai na gwada dabarar Pomodoro ta Francesco Cirillo, minti 25 aiki, 5 hutu. Ta riƙa katse min tunani a tsakiya, na mayar da ita 50 da 10. Lokacin hutu ba na taɓa waya, tsakar gida nake fita in miƙe ƙafa, in sha ruwa. Kafin in tashi nakan rubuta layi ɗaya kan inda na tsaya, in na dawo babu lalube. Zango biyu ke nan ina rufe kwamfuta kafin magariba.